Shin 'yan juri na da ikon wanke mutumin da suka tabbata ya karya doka?

Nafi'u Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a aji uku na karatun lauya, kuma a wannan zangon muna nazarin yadda ake shari'ar manyan laifuffuka a Ingila da Amurka. A can ba alƙali ne ke cewa wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri, su saurari shaidu, alƙali ya bayyana musu abin da doka ta tanada, sannan su keɓe a ɗaki su fito da magana ɗaya, wato yana da laifi ko ba shi da laifi. Har nan ban sami matsala ba.

Inda kaina ya ɗaure shi ne da malaminmu ya ce mana, a gurguje kuma bai tsaya a kai ba, wai 'yan juri suna iya gamsuwa sarai cewa mutum ya karya doka, amma su wanke shi da gangan saboda suna ganin dokar ce ta zalunci, ko kuma hukuncin da zai biyo baya ya fi ƙarfin laifin, kuma babu abin da za a yi musu. To in haka ne, mene ne amfanin rantsuwar da suke yi cewa za su yi hukunci bisa hujja? Wannan haƙƙi ne da doka ta ba su, ko kuwa ɓaraka ce kawai da aka rasa yadda za a ɗinke? Idan kuma haƙƙi ne, me ya sa ake cewa alƙalai ba sa yarda a sanar da su? Ina roƙon manyanmu da ke nan su warware mini, Allah ya saka da alheri.

Barista Hauwa'u ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena Nafi'u. Malaminku gaskiya ya faɗa, sai dai kada ka je kana neman sashen dokar da ya ba 'yan juri wannan dama, domin ba za ka same shi ba. Abin ya fito ne daga haɗuwar wasu ƙa'idoji da kowace aka kafa ta don wata manufa dabam. Ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya yanke. Ba a tambayarsa dalili. Kuma idan juri ta wanke mutum, mai gabatar da ƙara ba shi da hanyar ɗaukaka ƙara don a soke wankewar. Idan ka haɗa waɗannan uku, za ka ga cewa wuƙa da nama sun koma hannun mutum goma sha biyun nan, ko da babu wanda ya zauna ya shirya haka.

Ƙa'idar farko tana da tarihi mai daɗin ji. A shekarar 1670 aka gurfanar da William Penn, wanda daga baya ya kafa Pennsylvania, tare da William Mead a kotun Old Bailey da ke Landan. Su biyun mabiya ɗariƙar Kirista ne ta Kweka, kuma hukuma ta rufe musu wurin ibada a ƙarƙashin dokar da ta hana taron addini a wajen cocin gwamnati, sai Penn ya tsaya a bakin titi ya yi wa jama'a wa'azi. Aka tuhume su da haramtaccen taro. 'Yan juri suka dawo suka ce sun sami Penn da laifin yin magana a titin Gracechurch, wanda kuwa magana a titi ba laifi ba ne a doka. Alƙalai suka fusata, suka sa aka kulle su kwana biyu babu abinci babu ruwa don su sake shawara, amma ƙarshe sai suka fito suka wanke mutanen biyu gaba ɗaya. Aka ci kowannensu tara, aka tura su kurkuku sai sun biya. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya kai kukansa babbar kotu, inda Alƙalin Alƙalai John Vaughan ya yanke cewa ba a ɗaure ɗan juri saboda hukuncinsa.

Ka lura da hujjar Vaughan, domin mutane da yawa suna ɗora masa abin da bai faɗa ba. Bai ce 'yan juri na da izinin take doka ba. Abin da ya ce shi ne mutum biyu masu gaskiya suna iya sauraron shaida ɗaya kowa ya fahimci abu dabam, saboda haka alƙali ba shi da hanyar tabbatar da cewa sun saɓa rantsuwarsu. Kariya ya ba su daga azaba. Amma kariyar da ta rufe wanda ya yi saɓani da alƙali a kan hujja, ita ce kuma ta rufe wanda ya ƙi dokar ita kanta, tunda daga waje ba a iya bambance su.

A Amurka an fara da sakin fuska ga wannan iko, saboda ya yi musu rana a zamanin mulkin mallaka. A 1735 wata juri a New York ta wanke mai buga jarida John Peter Zenger daga tuhumar ɓata sunan Gwamna William Cosby, alhali a dokar lokacin kasancewar abin da ka buga gaskiya ne ba ya kare ka. A 1794 Alƙalin Alƙalai John Jay da bakinsa ya gaya wa wata juri cewa suna da damar duba doka da kuma abin da ya faru. Bayan shekara ɗari iska ta juya. A shari'ar Sparf ta 1895 Kotun Ƙoli ta ce wajibin juri ne ta karɓi doka daga bakin alƙali, kuma ba dole ba ne alƙali ya gaya musu cewa suna iya yin akasin haka. A 1972 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta sake duba batun a shari'ar Dougherty, inda wasu mutum tara, cikinsu har da limaman Katolika, suka kutsa ofishin kamfanin Dow suka yi ɓarna don nuna adawa da yaƙin Biyetnam. Rinjayen alƙalan suka amince cewa ikon yana nan kuma ya sha yin amfani, amma suka ƙi a riƙa sanar da juri. Tunaninsu shi ne idan zalunci ya yi tsanani, lamirin mutane zai kai su ga wankewa ba sai an gaya musu ba, amma idan aka mayar da abin sanarwa a kowace shari'a, kowa zai zama majalisar dokokin kansa. Alƙali David Bazelon ya saɓa musu, yana ganin ɓoye wa mutane ikon da suke da shi rashin gaskiya ne.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu, a bakin kotunan tarayyar Amurka, ita ce iko ne, ba haƙƙi ba. Suna iya yi, ba a hukunta su, amma wanda ake tuhuma ba zai iya neman a umarce su da yi ba, lauyansa kuma ba shi da izinin roƙonsu a fili.

Ingila ta ɗan fi sassauci a lafazi. A 1985 aka gurfanar da Clive Ponting, babban ma'aikaci a ma'aikatar tsaro, saboda ya aika wa ɗan majalisa Tam Dalyell takardun sirri game da nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina, Janar Belgrano, a 1982, harin da ya kashe mutum 323. Ponting bai musa aikawa ba, ya ce maslahar ƙasa ce ta sa. Alƙali ya gaya wa juri cewa maslahar ƙasa a doka tana nufin manufar gwamnatin da ke kan mulki, wanda hakan ya rufe masa kowace ƙofa. Duk da haka suka wanke shi. Bayan shekara huɗu gwamnati ta sake rubuta dokar sirrin a 1989. Sannan a 2005, a shari'ar Wang, alƙalan Majalisar Iyayen Ƙasa, waɗanda su ne kotun ƙarshe a lokacin, suka yanke cewa babu wani hali da alƙali zai umarci juri ta sami mutum da laifi, komai ƙarfin hujja.

Alhaji Sani Bronx ya rubuta:

Barista, Allah ya ƙara basira. Ni ba lauya ba ne, amma na shekara ashirin da wani abu a New York, kuma bayan na karɓi takardar zama ɗan ƙasa an taɓa kirana aikin juri har aka zaɓe ni, don haka bari in faɗa wa Malam Nafi'u yadda abin yake ga wanda ya zauna a kujerar.

Tun kafin a fara shari'a ake tace mutane. An tara mu da yawa, alƙali da lauyoyin ɓangarori biyu suna yi mana tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin tambayoyin akwai wadda alƙali ya maimaita wa kowa, cewa shin za ka bi doka kamar yadda zan bayyana ta, ko da ba ka yarda da ita ba? Wata mata da ke gabana ta ce ita ba ta ganin ya dace a ɗaure mutum saboda ƙwaya, nan take aka yi mata godiya aka sallame ta. Ka ga ke nan wanda zai iya watsi da doka, in ya faɗi gaskiya ba zai shiga ba, in kuma ya ɓoye ya shiga, ya yi ƙarya a gaban kotu, wanda shi kansa laifi ne da ake iya kama shi a kai. Wannan shinge ya fi duk wanda na gani ƙarfi, kuma ba a cika ambatonsa ba.

Abu na biyu, ba a gaya mana hukuncin da ke jiran mutumin. An ce mana wannan aikin alƙali ne, kada ma mu sa shi a rai. Sai bayan mun gama, na koma gida na bincika, na ga yawan shekarun da laifin ke ɗauka, kuma gaskiya na kwana biyu abin yana damuna. Ban ce da na sani da na canza ba, domin hujjar ta fito fili kuma na yi rantsuwa. Amma mutum ba zai ƙi hukunci saboda tsananinsa ba alhali an ɓoye masa tsananin.

A cikin ɗakin kuma ba kai kaɗai ba ne. Idan ka fito ka ce ka yarda ya aikata amma ba za ka same shi da laifi ba, sauran suna iya aika wa alƙali takarda. Wani lauya da muke salla tare ya ba ni labarin shari'ar Thomas ta 1997, inda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke nan New York ta ce ana iya cire ɗan juri da ya ƙuduri aniyar ƙin bin doka, sai dai in akwai yiwuwar cewa shakkar hujja ce ta sa ya tsaya, to ba a taɓa shi. A waccan shari'ar ma an soke hukuncin ne saboda alƙali ya cire mutumin ba tare da wannan tabbaci ba. Ma'ana, wanda ya ce bai gamsu ba ya tsira, wanda ya bayyana ainihin dalilinsa ya fita.

Ga kuma abin da ya fi duka. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake samu da laifi a Amurka ba sa zuwa gaban juri ko kaɗan, amsa laifi suke yi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara don a rage musu tuhuma. Duk wannan muhawara a kan ɗan abin da ya rage ake yin ta.

Malam Tukur Gusau ya rubuta:

Na karanta bayanin Barista da na Alhaji, kuma na ƙaru. Amma a matsayina na malamin tarihi ina da ƙorafi a kan yadda ake ba da wannan labari, domin kullum Penn da Zenger ake sa wa a gaba, a ƙara da juriyoyin arewacin Amurka da suka ƙi kama waɗanda suka kuɓutar da bayi bayan dokar kamo gudaddun bayi ta 1850, kamar yadda aka yi a Boston bayan ƙwato wani gudajjen bawa, Shadrach Minkins, a 1851. Duk gaskiya ne. Amma ikon da ya saki waɗannan shi ne ya saki makasan Emmett Till.

Till yaro ne baƙar fata ɗan shekara 14 daga Chicago, ya je ziyara wurin dangi a jihar Misisipi a watan Agusta na 1955, aka ce ya yi wa wata farar mata rashin kunya a kanti. Mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka je da dare suka ɗauke shi, suka azabtar da shi, suka harbe shi, suka jefa gawar a kogin Tallahatchie. A kotu, dattijon da aka ɗauke yaron daga gidansa, Mose Wright, ya miƙe tsaye ya nuna su da yatsa, abin da baƙar fata bai saba yi wa farar fata ba a wancan wuri. Juri maza ce zalla kuma farare zalla, domin daga rajistar masu zaɓe ake ɗebo su, kuma babu baƙar fata ko ɗaya a rajistar wannan gunduma. Minti 67 suka yi suka wanke su. A watan Janairu na 1956 mutanen biyu suka karɓi kuɗi daga mujallar Look suka ba da labarin yadda suka kashe shi, suna sane da cewa ba za a sake gurfanar da su a kan kisan ba. Haka aka yi da Byron De La Beckwith, wanda ya harbe ɗan gwagwarmaya Medgar Evers a 1963. Sau biyu juriyoyin farare suka kasa cimma matsaya a 1964, sai a 1994, bayan shekara talatin, wata juri mai haɗe da baƙi da farare ta same shi da laifi.

Waɗancan mutanen su ma lamirinsu suka bi. A ganinsu dokar da za ta kashe farar fata saboda baƙar fata ita ce zalunci. Shi ya sa idan aka ce mini juri ita ce lamirin al'umma, nakan tambaya, wace al'umma, kuma wa ya rubuta sunayen? Doka, ko da mummuna ce, a rubuce take, an san wanda ya yi ta, ana iya zuwa majalisa a canza ta, kuma tana hawa kan kowa. Hukuncin mutum goma sha biyu a ɗaki a rufe ba shi da dalili a rubuce, ba shi da mai amsa tambaya, kuma wanda aka gurfanar gobe a ɗakin da ke kusa bisa laifi iri ɗaya zai iya tafiya kurkuku. Ni ina tare da alƙalan da suka ƙi a riƙa sanarwa.

Nafi'u Zariya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Barista, Alhaji, da Malam Tukur. Maganar Malam ta sanyaya mini jiki. Amma ina da tambaya ɗaya da ta taso mini. Shin wannan bai yi kama da ƙa'idar malaman fiƙihu ta kawar da haddi saboda shubuha ba? Na karanta cewa a ƙarni na 18, lokacin da laifuffukan da ake ratayewa a kansu a Ingila suka yi yawa har suka haura 200, 'yan juri kan rage darajar kayan da aka sata zuwa sule 39 da gangan, domin satar abin da ya kai sule 40 daga cikin gida hukuncinta rataya ne. Wannan ya yi mini kama da neman mafita ga wanda ake tuhuma.

Barista Hauwa'u ta rubuta:

Nafi'u, kamar tana nan a niyya, wato ƙyamar zartar da hukunci mai tsanani, amma asalinsu ya bambanta. Alƙalin da ya kawar da haddi saboda shubuha doka yake bi, domin ƙa'idar tana cikin shari'ar, kuma shakka ce ta gaske a kan hujja ko a kan cikar sharuɗɗa. Takwararta a Ingila ita ce ƙa'idar cewa ba a kama mutum sai an tabbatar da laifinsa ba tare da shakka mai ma'ana ba. 'Yan jurin sule 39 kuwa ba su da shakka ko kaɗan, sun san kayan sun fi haka, suka rantse a kan abin da ba shi ne ba don ceton rai. Masana dokar Ingila na lokacin ma sun kira shi rantsuwar ƙarya, sai dai sun ce ta tausayi ce.

Malam Tukur, ban musa ko ɗaya daga abin da ka kawo ba, kuma duk wanda ke yabon wannan iko bai ambaci Misisipi ba, rabin labari ya bayar. Inda na saɓa da kai shi ne wurin ɗora laifin. Cutar shari'ar Till tana cikin rajistar da ta hana baƙar fata zama, kuma maganin da Amurka ta bi ta wannan hanya ya zo. A 1986, a shari'ar Batson, Kotun Ƙoli ta hana mai gabatar da ƙara cire mutum daga juri saboda launin fatarsa. A 2020, a shari'ar Ramos, ta wajabta cewa sai duka 'yan juri sun yi ittifaƙi kafin a sami mutum da babban laifi a kotunan jihohi, abin da ya rushe tsarin Louisiana da Oregon na goma cikin sha biyu. Akwai kuma hanyar gwamnatin tarayya, wadda ake ɗauka hukuma ce dabam da jiha. 'Yan sanda huɗun da juri ta ƙi samu da laifi a 1992 bayan dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King an sake gurfanar da su a kotun tarayya bisa tauye haƙƙinsa, aka sami biyu da laifi a 1993. Idan kuwa aka ce za a kawar da ikon baki ɗaya, hanya ɗaya ce, a ba alƙali damar umartar a kama mutum ko a ba gwamnati damar ɗaukaka ƙara a kan kowace wankewa, kuma daga ranar juri ta zama ado.

Ya kamata Nafi'u ya lura cewa 'yancin nan gefe ɗaya yake kallo. Idan hujja ba ta isa ba, alƙali na iya dakatar da shari'ar tun kafin ta kai ga juri, idan kuma juri ta sami mutum da laifi ba bisa hujja ba, kotun sama na iya soke hukuncin. Wankewa ce kaɗai ba a taɓawa, ita ma Ingila ta ɗan buɗe ta. Dokar 2003 ta ba da damar sake gurfanar da wanda aka wanke a manyan laifuffuka idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta bayyana, kuma da ita aka sami Gary Dobson da laifi a 2012 bisa kisan Stephen Lawrence na 1993. Sai dai sharaɗin sabuwar hujja ne, ba wai gwamnati ba ta ji daɗin hukuncin farko ba.

Sannan 'yancin yanke hukunci bai haɗa da 'yancin neman hujja da kanka ba. A 2011 an ɗaure wata 'yar juri a Ingila wata takwas saboda ta yi hira ta Facebook da ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma, a 2012 kuma aka ɗaure wata malamar jami'a wata shida saboda ta bincika tarihin wanda ake tuhuma a intanet ta gaya wa sauran. Akwai ma wadda ke ba ɗalibai dariya, shari'ar Young, inda wasu 'yan juri huɗu da aka sauka a otal a 1994 suka ɗauko allon da Turawa ke cewa ana magana da matattu da shi, suka tambayi mamacin wa ya kashe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuma ta iya duba batun ne kawai saboda a otal ya faru, ba a ɗakin shawara ba. Abin da aka faɗa a ɗakin shawara sirri ne, fallasa shi laifi ne a Ingila, don haka labarin da Alhaji Sani ya ba mu, in da a Landan ya zauna, da sai ya auna kalmominsa. A Amurka ma kotu ba ta karɓar shaidar ɗan juri a kan abin da ya gudana a ɗakin, sai a 2017 Kotun Ƙoli ta yi togaciya a shari'ar Peña-Rodriguez, idan ɗan juri ya furta a fili cewa ƙabilar mutum ce ta sa ya kama shi.

Wata rigima da ta yi zafi ita ce ta sanar da 'yan juri wannan iko. A 2023 wani alƙali a Landan ya hana masu zanga-zangar da ake tuhuma da tare hanya ambaton sauyin yanayi a gaban juri, har ya ɗaure wasu da suka saɓa. Sai wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai ritaya, Trudi Warner, ta tsaya a ƙofar kotun riƙe da kwali da ke cewa 'yan juri na da cikakken haƙƙin wanke mutum bisa lamirinsu. Gwamnati ta nemi a hukunta ta da raina kotu. A watan Afrilu na 2024 Mai Shari'a Saini na Babbar Kotu ya ƙi ba da izinin ci gaba da ƙarar, domin ba ta tare kowa ba, ba ta yi wa kowa magana ba, kuma abin da ta rubuta bai yi nisa da abin da ke kan allon tunawa da jurin Penn da ke manne a bangon Old Bailey ba, wanda 'yan juri ke wucewa ta gabansa.

Ibrahim Kumasi ya rubuta:

Barka da ƙoƙari, Barista. Ina so in ƙara wa Malam Nafi'u cewa ba sai ya tsallaka teku zai ga juri tana aiki ba. A nan Ghana har yanzu mutum bakwai ne ke zama a shari'ar kisan kai a Babbar Kotu, kuma su ne a watan Janairu na 2024 suka sami mutum 12 da laifi a kisan Manjo Maxwell Mahama, sojan da taron jama'a suka kashe a Denkyira-Obuasi a 2017. Wannan shari'a ta shekara wajen bakwai. Abin da ke takura juri a wurinmu ba muhawarar lamiri da doka ba ce. Mutum ɗaya ya yi rashin lafiya sai a ɗage zama, kuma 'yan juri sun sha shiga yajin aiki saboda ba a biya su alawus ba, waɗanda ake tuhuma kuwa suna tsare suna jira.

Game da saɓanin Malam Tukur da Barista, Indiya ta bi hanyar da Barista ta ce tana mayar da juri ado. A dokarsu ta lokacin, alƙali na iya ƙin karɓar hukuncin juri ya miƙa shi ga kotun sama. A 1959 wani kwamandan sojan ruwa, Kawas Nanavati, ya harbe Prem Ahuja, mutumin da ke neman matarsa, a Bombay, ya kuma kai kansa ga 'yan sanda. Jaridu suka goya masa baya, jama'a suka cika harabar kotu, juri ta wanke shi da takwas a kan ɗaya. Alƙali ya ce hukuncin ya saɓa wa hujja, ya tura shi Babbar Kotun Bombay, wadda ta same shi da laifin kisa ta yanke masa ɗaurin rai da rai, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 1961. Daga nan jihohi suka ci gaba da janye juri, har dokar shari'ar laifuffuka ta 1973 ta fito babu ita a ciki. Shi kuwa Nanavati shekara uku ya yi a kurkuku gwamnar jihar ta yi masa afuwa, daga baya ya kwashe iyalinsa suka koma Kanada.